Keken Gida Ya Gaji: A Gyara Ko A Sayi Wani?

 Gaisuwa ga mutanen Tasawa da kewaye, na Maijirgi da Korgom da Hawandawaki da Urafan, da 'yan'uwa na Mayahi, Kanambakashe, Cake, Isawan har Gidan Amumun. 

An ɗaure damman hatsi, wake da gyaɗa da riɗi sun fara shiga kasuwa, yara sun koma lakwal tun watan Oktoba. Yanzu ne 'yan kuɗi ke ɗan zama a hannun manomi, yanzu ne kuma magidanci kan dubi keken da ke jingine a zaure ya ce: wannan fa ya gaji. Sarƙa na zamewa, ƙafar baya na rawa, birki sai an haɗa da jan takalmi a ƙasa. To, a kai shi wurin mai gyara a zuba masa sababbin kaya, ko a sayar a cika kuɗi a ɗauko wani? A kan wannan za mu zanta yau.

Kada wani ya ce maganar keke ƙaramar magana ce. Da shi ake kai tiya goma ta wake kasuwa, da shi ake ɗauko ruwa daga famfo, da shi yaro ke zuwa kwaleji a garin da ke nesa da ƙauyensu, da shi ake garzayawa a kira ungozoma. Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, man bakin hanya da aka saba samu da sauƙi ya canza farashi, mutane da dama da suka jingine keke don babur suka koma suka karkaɗe masa ƙura. Abin da ke yi mana wannan hidima ya cancanci a yi masa tunani kafin a fitar da kuɗin gumin damina.

Shawarata guda ce, zan kuma faɗe ta tun daga farko. Kada fenti ya yanke maka hukunci. Abu biyu za ka tambaya: shin gangar jikin keken lafiya take, kuma shin kayan gyaransa na nan a kasuwar da kake ci? In amsar duka biyun i ce, gyara ya fi maka. In ɗaya ta zama a'a, to lokacin canji ya yi.

Mu fara da gangar jiki, wato ƙarafan nan da aka haɗa wuri guda, waɗanda komai ke rataye a kansu. Taya na ƙarewa a canza, sarƙa na ƙarewa a canza, amma wannan ƙarfe shi ne keken. Ɗan'uwa, kafin ka je wurin kowa, ka samu ruwa da tsumma ka wanke shi tas, ka fito da shi rana. Duba mahaɗar ƙarfe ɗaya bayan ɗaya: ƙarƙashin wuya, inda kan keke ke juyawa, ƙasa inda feda ke shiga, da can baya inda ƙafa ke ɗaure. Tsaga kake nema, ko da siririya ce kamar gashi. Ka shafa yatsa a ƙarƙashin sandunan nan biyu da ke bayan wuya. In ka ji ƙarfen ya tattare, ko ka ga fenti ya yi ƙoƙon tsagewa a wurin, keken ya taɓa karo da wani abu da ƙarfi, ko da ba a hannunka ba. Inda ka ga tsatsa, danna ƙusa. In ƙarfen ya tsaya, tsatsar ta sama ce, a goge a shafa fenti. In ya lotsa, ta ci ciki.

Akwai gwaji mai sauƙi da zare. Ɗaura zare a inda ƙafar baya ke shiga ta dama, ja shi gaba ka zagaye wuyan keken, ka dawo da shi ka ɗaure ta hagu. Sai ka auna tazarar da ke tsakanin zaren da sandar da ke riƙe da sirdi, dama da hagu. In daidai suke, keken a miƙe yake. In gefe ɗaya ya fi faɗi sosai, ya karkace, shi ya sa yake janka gefe, shi ya sa kuma tayarka ke cinyewa ɓangare guda.

Sannan ka manna masa maganaɗisu, irin na tsohon lasifikar rediyo. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, mai walda na Tasawa ko Mayahi zai iya ɗinke ƙaramar tsaga a baya ko a kariya, keken ya ci gaba da aiki shekaru. In bai kama ba, alminiyum ne ko wani abu daban, kuma waldar da muke da ita a bakin kasuwa ba ta yi masa. Alminiyum in ya tsage, maganarsa ta ƙare. Wuri ɗaya ne nake roƙon ku da Allah kada a yi wa walda ko da baƙin ƙarfe ne: ƙarafan nan biyu da ke riƙe da ƙafar gaba. In suka tsage ko suka lanƙwashe, a canza su. Ƙafar gaba in ta fita ana cikin gudu, da fuska mutum ke sauka.

To, a ce ƙarfe lafiya lau. Sai tambaya ta biyu, wadda a ganina ita ce mutane suka fi sakaci da ita.

Baƙin keken nan da iyayenmu suka hau, mai ƙafa 28 da birkin sanda, samfurin Ingila ne. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham ya yi suna da shi, har masana'anta ya kafa a Kano. Daga baya Phoenix na Shanghai a ƙasar Sin da Hero na Ludhiana a Indiya suka cika kasuwanninmu da irin wannan ƙira. Amfanin haka gare mu shi ne yawancin kayansu na shiga juna. Ka je rumfar mai kayan keke ranar kasuwa, ko a ƙaramin gari ne, za ka samu taya, boris, sarƙa, wayoyin ƙafa da robar birkin wannan keke. Mai gyara ya san shi ciki da waje, ya koye shi tun yana yaron shago.

Kekuna na hannu da ke shigowa daga Turai ta tashar jiragen ruwa labarinsu daban ne. Da yawansu ƙarfensu mai kyau ne ƙwarai, ba su da nauyi, ga daɗin tuƙi. Amma ku saurara da kyau, domin nan ne ake asarar kuɗi. A gefen kowace taya akwai lambobi a rubuce. Za ka ga lamba biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 40-635 ko 37-622. Ta farko faɗin tayar ce, ta biyu kuwa girman rim ne a milimita, kuma ita ce mai muhimmanci. Baƙin kekenmu 635 ne. Na Turai da yawa 622 ne. Dukansu ana ce musu ƙafa 28, amma tsakaninsu akwai milimita 13, tayar wannan ba ta zama a rim ɗin wancan ko da za a kwana ana ja. Haka ma ƙafa 26: ta keken hawan dutse mai kaurin taya 559 ce, akwai kuma wata 26 ɗin mai lamba 590. Tsofaffin kekunan tsere masu ƙafa 27 kuwa 630 ne. Wanda ya sayi keke mai lambar da babu tayarta a Mayahi ko Tasawa, duk ranar da taya ta fashe sai ya jira mai zuwa Maraɗi, ko ya aika Katsina ko Kano. Keken na rataye, aiki na jira.

Ba taya kaɗai ba. Tsofaffin kekunan Faransa, irin su Peugeot na da, zaren kusoshinsu ya bambanta da na Ingila a wurin feda da gindinta. A tilasta musu kayan da ba nasu ba, zaren ya lalace, an kashe keke mai kyau saboda ƙaramin abu. Mun kuma ga yadda kaya ke yankewa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa na watanni saboda takunkumin ƙungiyar CEDEAO. A irin waɗannan lokuta, abin da kowa ke amfani da shi shi ke saura a rumfuna, ko sabo ko na cire-cire. Baƙon kaya shi ke fara ɓacewa.



Jama'a, muna tare. In an yanke shawarar gyara, kada a bi abin da ido ya fi gani. Akwai abin da ya kamata ya riga wani.

Birki ne farko, ba na jayayya a kan wannan. Robar birki na cikin mafi arahar kayan keke, amma ita ce tsakaninka da babbar mota a kan kwaltar da ta taso daga Maraɗi ta bi Cadawa da Agiye da Gazawa ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram. Wanda ke hawa wannan hanya da almuru ya ƙara da fitila da abin ƙyalli a baya.

Sai taya. Ƙasarmu jigawa ce, ga rairayi, ga tsidau, ga ƙayar aduwa da ta magarya da ta gawo. A nan taya mai faɗi da kaurin roba ta fi siririya nesa ba kusa ba. Kuɗin da ka ƙara a kan taya mai kyau za ka same shi a wurin mai faci. Wasu kan yanka tsohuwar roba su shimfiɗa a cikin tayar don tare ƙaya, kuma dabara ce mai amfani in an gyara bakin yankan don kada ya ci ta ciki. In ka ga huda biyu kusa da juna, ba ƙaya ba ce, iska ce ta yi kaɗan rim ya matse robar a kan dutse. A kuma riƙa ajiye keke a inuwa, rana na busar da taya har ta tsattsage tun ba ta cinye ba.

Na uku shi ne abin da ba a gani: boris da giris. Ɗaga ƙafar gaba ka juya ta. In ka ji gurnani, ko ka girgiza ta gefe da gefe ka ji tana wasa, boris ya ci. Haka za ka yi wa ta baya, da feda, da wuya. Waɗannan 'yan ƙwallayen ƙarfe kuɗinsu kaɗan ne. Sau da yawa keken da ake cewa ya tsufa, ya yi nauyi, ba ya gudu, ba abin da ke damunsa sai rairayin da ya shiga cikin cibiyar ƙafa ya haɗu da busasshen giris. A kwance, a wanke da kananzir, a sa sabon boris da sabon giris, sai mai shi ya rantse an canza masa keke. In aka bari kuwa, ƙwallayen su ci kofin da suke gudu a ciki, aikin ya tashi daga ɗan kuɗi zuwa sayen cibiya sukutum.

Sarƙa kuma tana da awo. Tsakanin kowane ƙusa biyu nata rabin inci ne. Ka ƙirga tazara 24, a sabuwar sarƙa za ka samu santimita 30 da rabi. Ɗauki rular ɗanka ta lakwal ka gwada. In ta ƙaru da kamar milimita ɗaya da rabi, canza sarƙar yanzu, haƙoran za su tsira. In ta ƙaru da milimita 3, ta riga ta cinye haƙoran baya, sai an canza su tare, in ba haka ba sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kan tsofaffin haƙora. Game da mai: ɗigo kaɗan ya isa, a juya feda, sannan a goge na waje da tsumma. Sarƙar da ke naso da baƙin man inji tana kwasar rairayi, rairayin nan da mai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, suna cin ƙarfe duk juyin da ka yi.

Masu ɗaukar kaya, ku ne ƙafar baya ta fi shafa. Bido mai lita 25 in ya cika ruwa kilo 25 ne. Huɗu kilo 100 ke nan, ban da nauyinka. Waya ɗaya in ta tsinke, a sa wata ran nan, domin nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, su ma za su bi ta. In kana tsinka waya kowane mako, ka daina saye ɗaiɗai. Ka sa a sake ɗaure ƙafar gaba ɗaya da wayoyi masu kauri a kan rim mai ƙarfi, a wurin wanda ya iya daidaita ƙafa. Wannan shi ne ƙarin da ya fi kowane amfani ga keken aiki. Madubi biyu da ƙararrawa mai kiɗa da robobin ado, waɗannan sai in kuɗi sun ragu.

Yanzu lissafi. Je wurin mai gyaran da ka yarda da shi, ka ce: Malam, duba min shi duka, ka faɗa min abin da zai ci, har da ladan hannunka. Kada ka tsaya kan abin da ya lalace yau kaɗai, a haɗa da wanda zai lalace kafin damina. Sannan ka taya sabo a kasuwa, ka kuma ji nawa za a sayi naka yadda yake. Mu ɗauka, don sauƙin lissafi, sabon jika 60 ne. In gyaran bai wuce jika 20 ba, kashi ɗaya cikin uku ke nan, ni dai ba na ko waiwaye, gyara zan yi. In ya haura jika 30, ya wuce rabi, sai a zauna a yi tunani, musamman in ƙafafu biyu da sarƙa da haƙora duk sun mutu lokaci guda. Dalili shi ne kayan keke in aka saye su ɗaiɗai sun fi tsada bisa ga yadda suke zuwa a haɗe jikin sabo.

Akwai kuma wata gaskiya da ke goyon bayan masu son sabo, ba zan ɓoye ta ba. A wurinmu keke dukiya ce da ake sayarwa in bazara ta yi tsanani ko rashin lafiya ya faɗo. Kuɗin da ka zuba a gyara ba duka ke dawowa ba ranar sayarwa, domin mai saye tsohon keke yake gani, ba ya ganin sabon boris da ke ciki. Wanda ya san bana zai iya sayarwa, kada ya zuba kuɗi fiye da abin da zai sa keken ya yi tafiya lafiya. Wanda kuwa zai riƙe shi shekara biyar, gyaran kirki ba asara ba ne.

Wani lokaci kuma keken lafiyarsa ƙalau, amma ba na wannan aikin ba ne, kuma babu gyaran da zai mayar da shi. Yaro ɗan shekara 12 da aka ba keken babansa, yana zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda yana tuƙi a karkace, kullum kilomita da yawa zuwa kwaleji, wannan ba gata aka yi masa ba. Yarinya mai zane da hijabi tana buƙatar keke marar sandar sama, mai murfin sarƙa, don kada tufa ta shiga haƙora. Iyaye, in tazarar hanya ce ke neman raba ɗiyarku da karatu, keke daidai tsayinta na cikin abin da ya fi cancanta a sayar da buhun wake dominsa. Uwaye da ke cikin asusun Mata Masu Dubara, wanda aka faro a nan jihar Maraɗi a 1991, kun san yadda ake tara irin wannan kuɗi kaɗan-kaɗan ba tare da an taɓa rumbu ba.

Samari masu keken tsere, ban manta da ku ba. Na san daɗin da ke cikin siririyar taya a kan kwalta da sassafe, na kuma san da yawanku na jin labarin gasar Tour du Faso da ake yi a Burkina tun 1987. In keken naka ƙarfensa lafiya kuma daidai tsayinka, abin da zai fi canza maka tafiya shi ne tayoyi masu kyau, sabuwar wayar birki da ta giya, da ƙafafun da aka daidaita. Sa taya mafi faɗi da za ta iya shiga ba tare da gogar ƙarfe ba, don ba kullum kake kan kwalta ba. Amma kada ka ce za ka mayar da mai giya 7 ya zama mai 10. Sarƙar mai 6 da 7 da 8 kusan ɗaya ce, daga 9 zuwa sama kuwa siririya ce, kuma sai ka canza haƙora, da abin canza giya na hannu, wani lokaci har da ƙafar baya. Kafin ka gama ka biya kuɗin wani keken. In abin da kake so ke nan, tara kuɗinka ka nemi wanda ya zo da su.

To, in an tashi saye fa? Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a kasuwar keke maganar ta zauna. Akwai sababbin kekuna masu ƙyalli, masu giya barkatai da sifirin gaba da baya, a farashi mai sauƙi. Ka duba su da idon basira. Latsa hannun birki ka ga ko yana lanƙwashewa. Duba ko feda roba ce marar ƙarfi. Kowane sifirin da kowace giya wuri ne da rairayi zai shiga, kuma in sun lalace ba lalle a samu madadinsu kusa ba. Ga mai kai kaya kasuwa ta hanyar jigawa, ko mai bin Gulbin Kaba yana ɗauko kaba da goruba, keke mai giya ɗaya da kariya mai ƙarfi ya fi masa. Sabon keke ma, kada ka hau shi daga kasuwa ka ɗora masa buhu. Kai shi wurin mai gyara ya ƙara giris, ya ɗaure wayoyi, ya matse kusoshi, domin da yawa a gaggauce ake haɗa su. Ka sa wannan kuɗin cikin lissafinka tun farko.

In na hannu za ka saya, duk gwajin da muka faɗa ɗazu ka yi masa: wanki, zare, maganaɗisu, lambar taya. Tafi da mai gyaranka, ka biya shi ladan rakiya, ya fi maka sauƙi bisa ga sayen wahala. Sabon fenti a kan tsohon keke dalili ne na ƙara dubawa, musamman a mahaɗai. Ka hau ka zagaya, ka sassauta riƙon kan ka ji ko yana ja gefe. Sannan ka kifa shi ka duba ƙarƙashin gindin feda, yawanci nan ake buga lambar keken a jikin ƙarfe. In an goge ta da gangan, bar shi ko nawa aka sallama maka. In tana nan, a rubuta ta a takarda tare da sunan mai sayarwa da kuɗin da aka biya, dillali da shaidu biyu su sa hannu, ka adana takardar tare da takardun gida.

  Allah ya sa albarka a abin da aka noma, ya tsare mu a kan hanya.